Rumfa ko Baka: Yawon Neman Inuwar Sana'a Tsakanin Samaru da Sabon Gari

Wanda ya sauka a Kwangila daga motar Kano yana da zaɓi. Ko ya miƙe ta Palladan da Zango ya faɗa Samaru, garin ɗalibai da masu binciken iri, ko ya juya ta PZ ya shiga Sabon Gari, inda ƙarar guduma da walƙiyar walda ba sa yankewa sai in an ɗauke wuta. Ni duka biyun na bi, kuma gardamar cikin gida ce ta sa.

Yayana ya ajiye aiki bayan shekaru yana gyaran injuna. Gidansa na Hayin Dogo, a fili mai ƙafa 50 da 100, kuma tun lokacin gini ya bar gaban gidan babu komai da niyyar wata rana zai kafa wurin aiki. Yanzu ranar ta zo. Masu lambu suna kawo masa injin ban-ruwa, mata suna aiko da injin markaɗe, maƙwabta suna jibge masa ƙananan janareta, duk yana kwance su a ƙarƙashin dalbejiya, hadari na tasowa a kwashe a guje. Shi abin da ke ransa rumfa: a kafa dirkoki, a ɗora kwano, a rufe gefe gwargwadon hali. Babban ɗansa kuwa ya gano wani gini a waya, na ƙarfe zalla, mai siffar rabin ganga da aka kifa a ƙasa, babu ginshiƙi ko ɗaya a ciki, bango da rufi duk abu guda. Yaron ya kafe a kan wannan ne ginin zamani.

"Baffa, don Allah ka gaya masa," in ji shi tun ban ajiye jaka ba. "Rumfa ai ta masu faci ce."

Yaya bai tanka masa ba. Ni ya kalla ya ce, "Gobe ka raka ni Sabon Gari mu ji ta bakin masu aikin. Waya ba ta taɓa kafa dirka ba."

Kafin goben, da la'asar, mun zaga Samaru da ƙafa. Garin nan ya san rumfa ta kowace iri. Tun 1922 Turawa suka kafa tashar binciken noma a nan, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona, aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Inda ake noma da gwaji kuwa dole a sami inda za a ajiye tarakta, a shanya iri, a adana taki. A bakin titin Sakkwato, daura da katangar jami'a, da cikin kasuwar Samaru da lungunan da ke bayanta, kusan kowane mai sana'a a ƙarƙashin rumfa yake: kafinta mai haɗa teburin ɗalibai, mai gyaran babur, mai walda da ke jera ƙyamaren ƙarfe a bakin hanya. Na lura da abin da idona ya saba wucewa: tsofaffin tayoyi da duwatsu da bulo da aka ɗora a kan rufin kwano da yawa. Yaya ya nuna su da baki ya ce kowace taya shaida ce cewa iska ta taɓa yaye rufin, ko mai shi yana tsoron ta yaye.

A nan ne ainihin maganar take, domin gini da yanayin garinsa yake kokawa. Ruwan da ke sauka a Samaru yana kai wajen milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba, kuma hadarin farkon damina da iska yake zuwa kafin ruwa. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 35 a inuwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne da ƙura mai shiga cikin kowace kafa, abar da makanike ya fi tsana in ya buɗe cikin inji. A ƙarƙashin ƙasa kuma gara na jiran duk itacen da aka binne.

Da daddare yaron ya kawo mini hujjojinsa, kuma ba na banza ba ne. Ginin bakan ƙarfen da yake so yana da tarihi. Wani injiniyan sojan Ingila, Manjo Peter Nissen, shi ya tsara shi a 1916 lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, don sojoji su sami ɗakin da za a ɗauko a mota a haɗa cikin 'yan sa'o'i. A 1941 sojan ruwan Amurka suka fito da nasu samfurin mai suna Quonset, suka ƙera sama da 150,000 kafin yaƙi na biyu ya ƙare. Iska tana zamewa ta kansa, ruwa ba ya kwanciya, gara ba ta da abin ci. Na ce masa duk gaskiya ne, amma ya sani ita ma rumfar da yake rainawa tana da 'yar'uwa a can. A shekarun 1930, da tattalin arziki ya karye, manoman Amurka suka riƙa sayen tsofaffin falwayoyi suna binnewa suna ɗora kwano, suka sami rumbu da garejin tarakta a kan araha, har abin ya zama fannin gini mai zaman kansa. Abin da kakanninmu ke yi da dirka da zana ne, sai dai su sun sa masa lissafi.

Da safe ni da Yaya da yaron muka hau Keke Napep zuwa Sabon Gari. Muka wuce Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964, muka ratsa cunkoson Kwangila, muka sauka a PZ muka ƙarasa da ƙafa. Sabon Gari ɗan jirgin ƙasa ne. Layin dogon da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, daga baya aka ja ƙaramin layi zuwa Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957, aka kuma ja wani zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni da 'yan kasuwa daga kudu suka zauna a nan, kuma tare da su kwano ya shigo ƙasar Zazzau da yawa. Har yau in ka bi ta wajen tasha za ka ga tsofaffin sito-sito na zamanin auduga da gyaɗa, rufinsu ya yi ja da tsatsa amma suna tsaye. Sai da na tsaya na ƙare musu kallo. Bango miƙaƙƙe, rufi mai gangara biyu, tsayi mai yawa. Waɗanda suka gina su suna da kuɗin shigo da duk irin ginin da suka ga dama, wannan suka zaɓa.

Mun fara da 'yan katako. Wani dattijo mai shago ya saurari Yaya har ya gama, sannan ya tambaye shi ko zai riƙa walda a ciki. Da ya ji e, sai ya girgiza kai.

"Malam, ni katako nake sayarwa, amma ba zan ce ka binne shi a ƙasa ba. Ko ka shafe shi da baƙin mai, ko ka sa maganin gara, shekaru kaɗan ne gindin zai ruɓe. Katakon yanzu ɗanye ake yanko shi. Ka sa ƙarfe a ƙasa, in ya so ka zo in ba ka na sama."

Ɗan kasuwar da ya rage wa kansa ciniki da bakinsa ya cancanci a saurare shi. Ya ƙara da cewa azarar giginya ce kaɗai gara ke jin kunya, ita kuma yanzu ta yi wuya ta yi tsada.

Daga nan sai layin masu kwano da ƙarfe. A nan mutum zai gane cewa kalmar kwano ta ƙunshi abubuwa da yawa. Akwai na gargajiya da ake sayarwa bandir-bandir, falle 20 a bandir, wani kaurinsa bai fi na gwangwanin madara ba. Akwai dogon kwano na alminiyam da ake yanka maka daidai tsawon rufinka, mai kauri 0.45 ko 0.55 na milimita, kuma ba kowane mai shago ne zai ba ka kaurin da ya faɗa ba, shi ya sa masu wayo ke zuwa da ma'auninsu. Farashi kuwa ba na rubutawa ba ne, domin kafin a buga wannan ya canza. Yaron ya nuna wa wani mai shago hoton bakan ƙarfen, ya tambaya ko suna da irin wannan kwano mai zurfin kwari. Mutumin ya juya wayar sama da ƙasa ya ce, "Oga, wannan sai dai a yi oda."

Wannan amsar ita ce ta fara raba gardama, ko da yake yaron bai yarda ba a lokacin. Bakan ƙarfe iri biyu ne. Akwai wanda kwanon kansa ne ke ɗauke da kansa: falle mai kauri, mai zurfin kwari, a lanƙwashe tun daga masana'anta, ana ɗaure shi da ɗaruruwan noti, ko kuma a kawo inji wurin aikin ya murza ƙarfen ya lanƙwasa shi a dunƙule gefunan. Irin wannan manyan sito da rumbunan hatsi ya dace da su, inda faɗin ya kai a ɗauko inji da ma'aikatansa daga wani gari. Ba wanda zai yi wannan ɗawainiya saboda ɗaki mai ƙafa 20. In kuma wata rana reshen dalbejiya ya faɗo ya lotsa falle ɗaya, babu shagon da za ka shiga a Sabon Gari ka ce a ba ka madadinsa. Iri na biyu shi ne a lanƙwasa fayif a yi haƙarƙari, a bi shi da kwano na yau da kullum. Wannan masu waldar Zariya suna iya yi, don suna yin irinsa a rumfar ajiye mota a gidajen masu hali.

Mai waldar da muka zauna a wurinsa, mutum mai furfura a gemu da tabon ƙuna a hannu, shi ya yi mana lissafin da ya fi komai amfani a tafiyar. Ya ɗauki guntun alli ya zana rabin da'ira a kan daɓe.

"Alhaji, faɗin ƙafa nawa kake so?"

"Ashirin."

"To tsakiyarsa ƙafa 10 ne tsayi. Amma kai ba a tsakiya kake aiki ba, a jikin bango kake kafa benci."

Ya nuna cewa a baka mai faɗin ƙafa 20, in ka matso ƙafa ɗaya daga gefe, rufin bai kai ƙafa huɗu da rabi ba. Kafin mutum mai ƙafa 6 ya tsaya ba tare da ya sunkuya ba, sai ya ja baya ƙafa 2 daga kowane gefe. Ke nan ka biya kuɗin ƙafa 20, kana aiki a 16. Na sake buga lissafin a waya, haka yake daidai. Yaron ya ce ai kwanon baka bai kai na rumfa yawa ba, kuma nan ma yana da gaskiya: zagayen bakan ƙafa 31 da 'yan kai ne, alhali bango biyu masu ƙafa 10 da rufi mai gangara sun kai wajen 42. Sai dai mai waldar ya tambaye shi wa ya ce dole a rufe rumfa har sama. A ja bulo zuwa ƙirji, a sa raga ko rodi daga nan zuwa rufi, ribar kwanon ta tafi, iska kuma ta samu hanya.

Ya jero sauran abubuwan yana aikinsa, ba tare da ya ɗago ba. Kanta da allon rataye sifana suna son miƙaƙƙen bango. Taga a jikin lanƙwasasshen kwano wahala ce, kuma nan ne yoyo ke farawa, don haka haske da iska sai ta gaba da baya kawai. Makanike yana buƙatar ƙarfen da zai rataya sarƙa ya ɗaga inji, siririn haƙarƙarin baka kuwa ba a yi shi don a rataya masa nauyi a wuri guda ba. Ƙafafun baka suna tura waje, saboda haka sai an zuba kankare mai ƙarfi a gefe biyun tun daga farko har ƙarshe, alhali rumfa rami-rami take so, kowace dirka da nata. Sannan zafi. Ya ce in muna son mu san yadda cikin bakan ƙarfe zai kasance a watan Afrilu, mu shiga shagon kwantena da azahar mu tsaya minti biyar. Mun san wannan ba sai mun gwada ba. Ga hayaƙin walda da na janareta, wanda ke kashe mutane a rufaffen ɗaki ba tare da sun farga ba.

Ban so mu bar maganar baka da raini ba, don Zazzau ba baƙuwarta ba ce. Bayan azahar na ja su muka haye kogin Kubanni, muka bi ta Tudun Wada da Ƙofar Doka zuwa Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. An kewaye tsohon ginin da sabo a shekarun 1970, amma bakan gizon yana ciki. Azara ce ake jerawa hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasa da ita, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Da wannan dabara magina suka sami faɗin da azara ɗaya ba za ta iya haɗawa ba. Abin da na so yaron ya gani shi ne inda bakan ya fara: ba daga ƙasa yake lanƙwasa ba, sai da ginshiƙi ya miƙe ya wuce kan mutum. Kuma kaurin ƙasar ne ke hana zafi shiga. Bakan ƙarfen da ke cikin wayarsa ya ɗauki siffar, ya bar waɗannan biyun.

Yaron, don kada a ce ya faɗi, ya ce to a ja bango na bulo ƙafa 4 ko 5 a ɗora bakan a kai. Wannan shawara ce mai kyau, kuma haka ake yi a wurare da yawa. Sai dai da zarar ka ja bango ka zuba masa ginshiƙan kankare da za su riƙe turin bakan, arahar da saurin da suka sa ka so shi sun tafi. Ka gina ɗaki ne kawai mai lanƙwasasshen rufi.

Ita ma rumfa ba a bar ta ta tsira ba. Da muka koma wurin mai waldar don a yi tsada, Yaya ya ambaci tayoyin da muka gani a Samaru. Mutumin ya ce ai rumfa ba nauyi ne ke kayar da ita ba, iska ce ke shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta sama, shi ya sa wadda aka buɗe gefe ɗaya aka toshe sauran ta fi kowace haɗari in bakin ya fuskanci gabas, inda hadarinmu ya fi tasowa. Maganinsa ba ɓoyayye ba ne, kuɗi ne mutane ba sa son kashewa a inda ido ba ya gani. A haƙa ramin dirka ya kai ƙafa 3, a yi wa gindin fayif ɗin walda da guntayen rodi don ya kama kankare, a shafa masa jan fenti mai hana tsatsa kafin a binne. A sa ƙarfen da zai gicciya tsakanin dirkoki don kada rumfar ta yi rangaji. In an sa katako a sama, a ɗaure shi da langa-langa, kada a dogara da ƙusa kaɗai. Kwano kuma a kama shi da sukurori masu roba, a ƙara yawansu a baki-baki da kusurwoyi, don daga nan iska ke fara yaye rufi. Ya ce yawancin rufin da ke tashi a watan Mayu kwanonsu lafiya lau ne, ɗaurin ne na ganganci.

Akwai wani abu da babu wanda ya ambata sai matar Yaya, da muka dawo gida da magariba. Ta tambaya ina ruwan rufin zai zuba. Baka yana zubar da ruwa gefe biyu har ƙasa, ɗaya gefen kuwa katangar maƙwabci ce. Rumfa mai gangara ɗaya ana iya juya ta ta zubar cikin gida, a sa mata indararo a tara ruwan a tanki, abin da duk mai zama a Samaru ya san darajarsa. Ta kuma tuna masa cewa in yara suka ƙaru da aiki, rumfa ana ƙara mata dirka biyu ta faɗaɗa ta kowane gefe, baka kuwa sai dai ya ƙara tsawo, filin kuma ba shi da tsawon.

A ganina bakan ƙarfe gini ne mai kyau da aka yi don wata buƙata: ajiyar buhunan masara, taki, ko kayan da ba sa numfashi ba sa gumi, a fili mai faɗi, a hannun mai kuɗin da zai kira kamfani in wani abu ya lalace. Mai gona a hanyar Shika ko Giwa da ke son sito yana iya duba shi da kyau. Amma wurin da mutum zai wuni a tsaye yana kwance inji, a cikin unguwa, a garin da kowane lungu akwai mai walda da kafinta da za su iya gyara rumfa kafin la'asar, ban ga abin da zai sa a bar ta ba.

Abin da Yaya ya tsayar ke nan: dirkokin fayif, tsayin ƙafa 12 a gaba da 10 a baya, dogon kwano mai kauri 0.55, bulo zuwa ƙirji, raga a sama da labulen tamfol da za a saki lokacin ƙura, da ƙaramin ɗaki na bulo mai ƙyauren ƙarfe a kusurwa don kulle kayan aiki da na mutane. Daɓen kankare ya ce ba zai yi masa rowar siminti ba, tunda a kansa za a riƙa jan inji. An bar wa yaron abu ɗaya: 'yar rumfar da ke bakin ƙofa, inda masu kawo gyara za su zauna, za a lanƙwasa mata rufi yadda yake so.

Ga mai niyyar irin wannan aiki a Zariya, ya fara da neman izinin gini a hukumar KASUPDA, ya kuma yi magana da maƙwabtansa kan ƙarar da za su riƙa ji. Sannan ya yi ƙoƙari a kammala ɗaurin rufi kafin ƙarshen Afrilu, ya tsaya da kansa ranar da ake zuba kankaren dirkoki, don in an rufe ramin ba zai sake ganin zurfinsa ba.